Zaman Me Kike?

Kafin ku yanke min hukunci, ku bari in gyara zama in ɗauko muku zancen daga tushe. Na san halinku, wasu tun ba su kai rabi ba za su gangara ƙasa su rubuta "Allah ya shirya". Amin, ya shirye mu baki ɗaya. Amma ku karanta tukuna.

A gidanmu Auta ake ce min, duk da na ba ashirin da biyar baya. Yayyena sun yi aure sun watse, saura ni da Mama da Baba, sai Gwaggo, yayar Baba, wadda ta zo jinyar ƙafa wata shekara, ƙafar ta warke ita ba ta koma ba. Aikina na fili, wanda kowa ya sani, shi ne amsa kiran kwastomomin wani kamfanin intanet. Daga ɗakina nake yi, kwamfuta a kan tebur, hedifon a kunne, ina ba mutane haƙuri kan laifin da ba ni na yi ba. Saboda haka in aka leƙo aka gan ni da hedifon ina gyaɗa kai, sai a ja min ƙofa a ce Auta na aiki.

Aiki kam ina yi. Sai dai ba kullum ne na kamfani ba.

Ni ce Malam Shiru. In kina zuwa wurin motsa jiki, ko kin taɓa shiga ɗakin taro bayan an ture kujeru gefe an buɗe filin rawa, da wuya ba ki taka haɗina ba. Kiɗan hawus nake haɗawa, wannan da gangarsa ke tafiya dum, dum, dum, dum kamar zuciyar wanda ya hau bene da gudu. In ɗauko tsohuwar waƙa mai sanyi, in zare muryar, in ɗora ta kan ganga, in ƙara mata sauri, in zuba mata bes, sautin nan mai kauri, har ka ji shi a haƙarƙarinka. Rimis ke nan. In na tara su da yawa sai in jera su su yi awa guda, ba za ka taɓa jin inda wata ta ƙare wata ta kama ba, in sa a shafina, masu sa kiɗa su sauke su tafi da shi. Hoton da ke shafin kujera ce ba kowa a kai. Duk duniya ta ɗauka namiji ne, har akwai masu rantsuwa sun taɓa ganina, wai dogo ne mai gemu. Ban taɓa musa musu ba.

Waƙar da ta fi fitar da sunana kuwa, Gwaggo ce ta rera ta, ba ta sani ba.

Wata safiya ce ina gwada sabon makirfo, na bar shi a kunne, ta banko ƙofa ta same ni a miƙe a kan gado. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Ke tashi, zaman me kike?" Da ta fita na saurari abin da ya ɗauka. Jama'a, ashe faɗan Gwaggo a kan bugu yake. Ko gyara bai nema ba. Na yanko shi, na ɗan ƙara masa kauri, na sa masa amsa-kuwwa, na ajiye shi daidai wurin da ganga ke ɗaukewa kowa ya riƙe numfashi. Sai ka ji shiru, sai muryar ta faɗo, ke tashi, zaman me kike, sai bes ya rufto. An turo min bidiyon wani ɗakin rawa, na ga mutane sun zabura daga kujerunsu kamar an watsa musu ruwan zafi. Abin da Gwaggo ta kasa sa ni yi shekara da shekaru, ga shi tana sa ɗaruruwan mutane suna yi kowane ƙarshen mako.

To yanzu mu zo kan mutumin.

Baba shi ba ruwansa, ya ce ba ya aurar da wadda ba ta buɗe baki ta ce tana so ba. Mama da Gwaggo ne suka kafa kwamiti. Mama da lallashi take nata, ta shigo da kayan wanki a hannu ta zauna bakin gado ta fara ba ni labarin 'yar wance da ta haifi na biyu. Gwaggo kuwa ba ta kwana-kwana. "Wannan abin da kike toshe kunne da shi, shi zai aure ki?"

Ranar da Mama ta je canza tabarau ta dawo da tabarau da kuma suruki. Wai yaron da ya auna mata ido, hankali kamar ya yi magana, har mota ya rako ta ya riƙe mata jaka. Kafin sati ya zagayo an binciko gidansu, an ba shi izinin zuwa. Su suna ce masa Likita, shi kuma kullum yana gyara musu cewa ba likita ba ne, awon ido yake yi da haɗa gilashi. Ni Mai Tabarau na sa masa.

Ya zo wata Lahadi da la'asar. Na sa doguwar riga ruwan toka wadda ba ta yi min kyau, da gangan, na yafa koren mayafin da Mama ta cillo min daga bakin ƙofa. Na same shi a falo a kan kujerar nan tamu mai cin mutum, wadda cikinta ya zurma, duk wanda ya zauna sai gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Fari tas ya sa, an goge shi har yana ɗaukar ido, da tabarau mai baƙin kewaye, da wani gashin baki siriri kamar an ja shi da biro. Gwaggo ta kafa kujerarta a bakin ƙofar kicin tana jan carbi, wai iska take sha.

A gaban baƙo Gwaggo wata murya take fitowa da ita, mai laushi kamar an shafa mata zuma. "Likita, me kake yi in ka tashi daga aiki?"

"Karatu, Gwaggo. Ina son wuri shiru."

"Ba ka cikin masu kaɗe-kaɗen nan?"

Ya gyara tabarau. "A'a, ni kiɗa bai dame ni ba."

"Alhamdulillahi," in ji Gwaggo, ta wurgo min kallo.

A raina na ce shi ke nan, an gama. Ya yunƙura zai ɗauki kofin lemo, kujerar ta ƙi sakinsa, kofin ya kife a kan kafet. Ya fiddo hankici ya durƙusa yana gogewa yana ba kafet haƙuri. Da ya tafi Mama ta ce, "Ya kika gan shi?" Na ce, "Na gan shi da kyau, Mama, fari ya sa."

Bayan magariba na buɗe shafin Malam Shiru don amsa saƙonni. Akwai wani masoyina da ya daɗe yana rubuto min, Ido Huɗu yake kiran kansa. Ba irin masu turo hoton wuta su wuce ba ne. Shi zai ce, "Malam, wurin nan da ka cire ganga ka bar piyano shi kaɗai, sai da na ajiye abin da ke hannuna." Duk wata 'yar dabara da na ɓoye a cikin haɗi ina tunanin ba mai lura, shi sai ya tono ta. Nakan ajiye saƙonsa ya zama na ƙarshe, kamar tsokar da ake bari sai an cinye abinci.

Ran nan ga abin da ya rubuto:

"Malam, yi haƙuri, yau ba zancen kiɗa ba ne. Ba ni da wanda zan gaya wa. Na je ganin wata yarinya na kunyata kaina. Na zubar musu da lemo a kafet. Kuma gwaggonta ta tsare ni da ido har na ce kiɗa bai dame ni ba. Ni fa, Malam. Ni da nake rufe shago in ture kujerar awo in taka haɗinka ni kaɗai har in jiƙe."

Na karanta. Na sake karantawa. Na tura fuskata cikin filo na yi dariya har cikina ya ƙulle, Mama na tambaya daga tsakar gida ko lafiya, na ce wani kwastoma ne.

Mutuniyar kirki a nan za ta ce, bawan Allah, ni ce yarinyar. Na sani. Na ma fara rubutawa. Sai na goge, na rubuta:

"Subhanallahi. Kwatanta min kanka in ga inda matsalar take."

Ya kwatanta, har da gashin bakin.

"Aske shi," na ce.

"Malam, shekarata biyar ina gyaransa."

"Shi ya sa har yanzu ba ka yi aure ba."

Lahadin da ta biyo ya shigo falonmu leɓensa na sama fayau, wurin ya fi sauran fuskar haske, yana ta kai hannu yana laluben abin da babu. Mama ta ce, "Likita, ka rame ne?" Ni kuwa na cije gefen mayafi na ƙura wa agogon bango ido, agogon da ya tsaya tun bara.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Malam Shiru ya ce masa mata ba sa son a zo musu hannu rabbana, ya riƙa zuwa da cakulan mai gyaɗa a ciki, ba mai madara zalla ba. Ya zo da shi. Malam Shiru ya ce ya daina wannan turaren mai kama da maganin sauro. Ya daina. Malam Shiru ya ce kada ya sake zama a kujerar da ke kusa da taga, ya nemi mai tauri. Wannan kam kuskure na yi, don bai taɓa gaya min kusa da taga take ba, amma bai lura ba, ko kuma na ɗauka bai lura ba.

Abin da ban shirya masa ba shi ne abin da yake rubutowa bayan ya koma gida. A falo in ya yi jimla uku ya yi ƙoƙari. A saƙo kuwa mutum ne daban.

"Malam, yau ta yi dariya. Ba da ni ba, da wani abu a cikin kanta, amma na gani."

Wata rana kuma: "Akwai abin da take yi. In hira ta mutu sai ta riƙa buga yatsu a hannun kujera. Ba bugun banza ba ne, a kan lissafi yake, huɗu-huɗu, kuma tana canza shi daidai inda ya kamata. Ina jin akwai wata a cikinta da ba ta fitowa falo. Ita nake so in gaisa da ita."

Wannan saƙon ban yi dariya ba. Na daɗe ina kallon yatsuna. A gidan nan an haife ni an raine ni, ba wanda ya taɓa lura da abin da suke yi, sai mutumin da na sa ya aske gashin baki don nishaɗina. Lahadin da ta biyo na tsinci kaina a gaban madubi na canza riga sau ba adadi, na ƙare a kan shuɗiyar nan mai aiki a wuya, har da kwalli. Mama ta kalle ni ta kalli Gwaggo, sai Gwaggo ta ƙara saurin jan carbi.

Kullum ina cewa gobe zan gaya masa. Kullum goben sai ta zo da wani saƙo mai daɗi, in ce bari in ƙara jin ɗaya.

Sai ga Asabar ɗin da ta gabata.

Gwaggo ta daɗe tana zuba gishiri a shayi tana ɗora wa mai shago laifi, don haka Mai Tabarau ya ce zai zo da safe ya ɗauke ta ya auna mata ido. Aka ce in raka ta. Ta ci ado kamar mai zuwa ɗaukar hoto, ta shiga baya ta baje, ni na zauna a gaba. Motar tsaf, tana ƙamshin sabon turaren da Malam Shiru ya zaɓa. Ya ce bismillah ya tayar.

Kun san yadda waya ke haɗa kanta da mota ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Kafin ya saki birki sifikun suka buɗe baki. Haɗina ne na watan jiya, kuma don tsautsayi daidai wurin da ganga ke ɗaukewa. Shiru na daƙiƙa ɗaya. Sai muryar ta cika motar:

"Ke tashi, zaman me kike?"

Gwaggo ta ɗan yunƙura daga kujera kafin ta tuna a mota take. Bes ya rufto, gilasan ƙofa suka ɗauki rawa. Mai Tabarau ya kai hannu zai kashe, ya murɗa ta wajen ƙari. Ke tashi, ke tashi, ke ke ke tashi. Ni na daskare, na riƙe bel ɗin kujera da hannu biyu, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. A raina na ce yau asirina ya tonu a gaban titi.

Da ƙyar ya samu ya kashe. Motar ta yi tsit, sai ƙarar sigina da ya kunna bai sani ba.

"Likita," in ji Gwaggo a hankali. "Wannan shi ne karatun?"

"Gwaggo, wani DJ ne... wayar ce ta..."

"Wace Dije?"

"Ba mace ba ce, Gwaggo, mai haɗa kiɗa ne."

"To ita wannan matar da ke ciki fa? Wace marar kunya ce take wa mutane tsawa haka? Murya kamar an taka agwagwa." Ta ja tsaki ta gyara mayafi. "Allah ya jiƙan mijin da ke zaune da ita."

Na juya fuskata waje. Hawaye na zubo min, kafaɗuna na rawa, na yi kamar tari ne ya sarƙe ni. Ashe mutum bai san muryarsa ba. Da na saci kallon madubin gefe kuma na hango hannun Gwaggo a kan jakarta, babban yatsanta na ɗagawa yana sauka, dum, dum, dum, dum, ita ba ta ma sani ba.

Shagonsa ƙarami ne, fes, bango ɗaya duk tabarau ne a jere, ɗayan kuma allon haruffa masu ƙanƙancewa zuwa ƙasa. Na lura tsakiyar ɗakin fili ne, kujerar awo mai taya ce, kuma tayil ɗin wurin ya fi na ko'ina sulɓi. Na gane inda ake jiƙewa da gumi. Na nemi benci na zauna ina kallonsa yana aiki. A nan ba ya in'ina. Ya ɗora wa Gwaggo wani ƙarfe mai ramuka biyu a hanci, yana canza gilasai yana tambaya, wannan ko wancan, ita kuma tana cewa duk ɗaya ne, na farkon dai ya fi kyau a fuska. Ya bi ta a sannu har ta karanto layin da ba ta taɓa sanin akwai shi ba.

Aka gama, ya juya yana rubutu. Gwaggo ta laluba gefenta ba ta ji jakarta ba, ta hango ni a benci na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Gajiya ta sa ta manta da muryar baƙi. Ta riƙe ƙugu.

"Ke tashi, zaman me kike? Miƙo min jakata."

Biron ya tsaya a hannunsa.

Bai juyo nan take ba. Na ga bayan wuyansa ya sandare. Sannan ya waiwayo a hankali, ya dubi Gwaggo, ya dube ni, ya cire tabaransa ya goge da gefen riga ya mayar, ya sake duban Gwaggo. Mutumin da ke jin piyano ɗaya a ƙarƙashin ganga goma, ina zai kasa gane wannan.

A hanyar dawowa Gwaggo ta yi ta karanta duk allon da muka wuce da ƙarfi da gilashin gwaji da ya ara mata. Ya sauke mu, ya ce a gaida Mama, bai shigo ba.

Ban kai ga cire mayafi ba wayar ta yi ƙara. Shafin Malam Shiru.

"Malam, muryar da ke cikin Zaman Me Kike, ta wace ce?"

Na zauna bakin gado. "A hanya na tsince ta."

"Yau ta zauna a bayan motata."

"Muryoyi na kama."

"Ka san cakulan da take so. Ka san turaren da ba ta so. Ka san kujerar kusa da taga take, ni kuwa ban gaya maka ba. Na lura tun ranar, na yi shiru."

Zuciyata ta fara nata hawus ɗin. Na ce to, ya iso. Na ma ji wani sanyi, don ya ɗauke min nauyin faɗa. Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya ci gaba. Na shirya kalmomin ban haƙuri, har da alƙawarin ba zan hana shi mayar da gashin bakinsa ba.

Saƙon ya shigo:

"Ka gaya min gaskiya, magana ta maza. Kai ma nemanta kake yi?"

Jama'a, ku faɗa min tsakani da Allah. Mutum ya bi sawu tiryan-tiryan har bakin ƙofa, sannan ya ƙwanƙwasa ta maƙwabta. Wa zai iya barin wannan ta wuce? Na kwanta rigingine ina shure-shure. Wani ɓangare na zuciyata na cewa Auta, ya isa haka. Ɗaya ɓangaren kuma, wanda ya fi baki, yana cewa ki ɗan taɓa shi kaɗan ki ga ko zai yi kishi, ki ga ko zai tsaya ya yi faɗa a kanki. Wace mace ce ba ta son ta gani?

Na rubuta: "In na ce eh fa?"

"Tun yaushe ka san ta?"

"Tun ba ta san kanta ba."

"Tana son ka?"

"Duk inda na sa ƙafa nan take sawa. Abin da na ci shi take ci. Ba ta taɓa ɓoye min komai ba."

Ku duba da kyau, ko ƙarya ɗaya babu a ciki. Na ajiye wayar a ƙirji ina jiran aradu. Na ɗauka zai ce sai dai mu gwada, ko ya ce ya riga ni zuwa gaban iyaye. Na ma tanadi amsar da zan ba shi kafin in fashe da dariya in ce ɗago tabaranka ka duba da kyau, Likita.

Shiru. Na je na ɗebo ruwa na dawo, shiru. Na ninke kayan da ke kan kujera, abin da ban taɓa yi ba sai an yi min magana. Har aka kira la'asar na yi salla, sannan wayar ta yi haske.

"Na gane, Malam. Yanzu na san inda ta samo bugun yatsun nan. Ina ta neman wadda ke cikinta, ashe tana da wanda take fitowa ta gaisa da shi. Ba zan ja da kai ba. Wanda ya haɗa abin da ya riƙa fitar da ni daga kaina duk tsawon nan, ba zan yi mamaki ba don ta zaɓe shi. Na gode da shawarwarin, ko da wasa kake yi da ni, na ƙaru. Roƙona ɗaya. Ka daina ɓoye ta. Ka shiga gidansu ta ƙofa, ta cancanci haka."

Na zabura na tashi zaune. Na hau rubutu da sauri, tsaya, ba haka ba ne, ni ce, ni ce Auta. Na tura. Saƙon ya ƙi tafiya. Ya rufe shafinsa gaba ɗaya, inda sunan Ido Huɗu yake sai fili. Na koma lambarsa ta waya na kira, aka ce yana kan wani kiran.

A daidai lokacin na ji wayar Mama ta daina ƙara a falo, muryarta ta tashi da fara'a.

"A'a, Likita, ka sauke su ka gudu ko ruwa ba ka sha ba."

Na lallaɓa na manna kunne a ƙofa. Na ji ta yi shiru mai tsawo. Sai, "Ban gane ba." Sai wani shirun. "Wani? Wane wani?" Na san Mama. In ta sa mutum a gaba da tambaya, ko dutse ne sai ya yi magana, balle wannan bawan Allah da kujera ma ta fi ƙarfinsa. "A'a, ba tona asiri ba ne, ɗana, ni uwa ce. Faɗa min sunan kawai."

Na ja da baya na zauna a gaban kwamfuta, na ɗora hedifon a kai ko kunna shi ban yi ba. Na ji ta shiga ɗakin Baba. Na ji an daɗe. Na ji takun silifas biyu suna tahowa, ɗaya na jan ƙafa.

Mama ta turo ƙofa, wannan karon ba ta ja ta ta ce Auta na aiki ba. Gwaggo na bayanta, idanunta sun yi ƙato-ƙato a cikin gilashin aro. Na sauke hedifon zuwa wuya. Na duba fuskar Mama ina neman ɓacin rai, ban samu ba. Abin da na gani ya fi shi tayar da hankali. Murmushi take yi.

"Auta, ashe kina da wanda kike so, kika bar mu muna wahalar da ɗan mutane? Me ya sa ba ki faɗa ba? Mun taɓa cewa sai wanda muka kawo?"

"Mama, ba..."

"Kuma malami ne," in ji Gwaggo, ta ɗaga hannu sama. "Malam Shiru. Sunan ma kaɗai ya kwanta min. Ba irin wancan mai tashe-tashen agwagwa a mota ba."

Mama ta zauna bakin gado ta dafa gwiwata. "Na gaya wa Babanki. Ya ce ba komai, shi dama abin da yake jira ke nan. Ki ce masa ya zo gobe bayan la'asar, yana son ganinsa."

Su biyu suka zuba min ido suna jira. Ga makirfo a kan tebur, ga kwamfuta a buɗe, ga haɗin wata mai zuwa a shimfiɗe a kan allo, layi-layi, kore da ja. Kalma huɗu kawai ake buƙata in faɗa: ni ce Malam Shiru.

Na buɗe baki na ce, "To, Mama."